Neman Misa a Legas: Abin da Baƙo daga Arewa Ya Kamata Ya Sani

Motar da ta taso daga Kafanchan ko Kaduna ranar Juma'a, in hanya ta yi kyau, takan shigo Legas ranar Asabar da hantsi. In hanya ta ƙi, sai la'asar, wani lokaci har bayan magariba, musamman idan tafiyar ta faɗo a Juma'ar farko ta wata, lokacin da manyan sansanonin addu'a na bakin titin Ibadan ke cika, masu kwanan addu'a su fito da safe su toshe hanya tun kafin a kai Berger, mashigar Legas. Ke nan ɗan Katolika da ya zo fatauci ko ziyara ba shi da wani dogon lokaci tsakanin sauke kaya da Misar farko ta Lahadi. Harkar citta ce ke kawo ni garin, masaukina kuma cikin 'yan'uwa 'yan Arewa yake, wani zuwan a Mile 12, wani zuwan a Agege. Don haka bayanina na mai tafiya a ƙasa ne da danfo, wato ƙananan bas-bas na hayar Legas, ba na mai mota da direba ba.

Coci ba ta yi wa Legas kaɗan ba. Yawanta ne ma ke ɓatar da baƙo. A layi ɗaya za ka ga huɗu ko biyar, wata a bene, wata a shago, wata a tsohon sito, kowace da lasifikarta. Idan ka ce wa mutum "ina coci?" zai nuna maka wadda ta fi kusa, da zuciya ɗaya kuwa. Mai masaukinka Musulmi ba lallai ne ya san bambancin Katolika da Angilika da Baptis ba, kamar yadda da yawa daga cikinmu ba za su iya raba masallacin Izala da na ɗarika daga waje ba. Abin da na ga yana aiki a wurin mutanenmu shi ne ka ce "cocin Fada" ko "cocin 'yan Roman, inda ake da Fada da Sista". Wannan kowa ya gane shi, domin makarantun mishan da asibitocin Sistoci sun daɗe a Arewa. Haka na tambayi wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12, na ce, "Baba Alhaji, don Allah cocin Fada nake nema." Ya ce, "To ɗana, je ka wurin yaron can mai kemis, kullum Lahadi da asuba yake fita shi da iyalinsa, shi zai kai ka." Shawarar nan tasa ita ce daidai a kusan kowace unguwa. Masu kemis da masu sayar da kayan gyaran mota 'yan kabilar Ibo da yawansu Katolika ne, kuma sukan san lokutan Misa a ka. Haka mai Keke da ya rataya Rosari a madubi, da matar da ka gani da zane mai hoton Uwa Maryamu. Akwai kuma Kiristocin Arewa masu gadi da masu Keke, 'yan Adamawa da Filato da Taraba da Zuru da Kudancin Kaduna. Ko da mutum ɗan ECWA ne ko COCIN ko EYN, ya san bambancin, kuma da Hausa zai yi maka kwatance.

Idan Bayarabe dattijo ka samu, "Ijo Aguda" shi ne sunan da ya sani na cocin Katolika. Amma kada ka faɗa wa kwandasta "Aguda" kawai, domin akwai unguwa mai wannan suna a Surulere, can zai sauke ka.

Sunan waliyyi a jikin gini ba shaida ba ne. A nan baƙi suka fi ruɗewa. St. Paul ta Breadfruit, St. John ta Aroloya, St. Jude ta Ebute Metta, duk na Angilika ne, tsofaffi kuma masu kyan gini, da hasumiya da tagogi masu launi. Mafi girman tarko shi ne kalmar katidira, wato babbar cocin da bishop ke zama. Ka ce wa direba ya kai ka katidira a tsibirin Legas, sai ya tsaya da kai a Marina, gaban Cathedral Church of Christ, kusa da tashar CMS. Wannan ta Angilika ce. Ta Katolika sunanta Holy Cross, tana titin Catholic Mission, ciki kaɗan, wajen City Hall. Sai kuma masu fararen riguna, Celestial da Cherubim and Seraphim, waɗanda su ma suna kunna kyandir da turare, Celestial ma farish suke kiran rassansu. In ka ga ana tuɓe takalmi ana shiga da doguwar farar riga, ba wurinka ba ne.

Alamomin da nake dubawa ba su da yawa. Allon bakin ƙofa zai ɗauki kalmar Catholic, yawanci da sunan Archdiocese of Lagos a samansa. A cikin harabar za ka ga ɗan kogon dutse da aka gina wa mutum-mutumin Uwa Maryamu, da benci a gabansa. A cikin majami'a akwai hotunan Hanyar Gicciye guda 14 jere a bango, da gicciye mai siffar Yesu a kai, da 'yar jar fitila da ba ta mutuwa kusa da akwatin da ake ajiye Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da aka keɓe a Misa. Wanda yake shakka har bayan an fara, ya saurari babbar addu'ar bagadi: Fada zai ambaci sunan Fafaroma Leo, sannan sunan Akbishop na Legas, Alfred Adewale Martins, wanda ke kan kujerar tun 2012.

Taswirar waya tana taimakawa wajen sanin inda gini yake da nisansa. Wajen lokaci kuwa ba na yarda da ita. Jadawalin da ke intanet sau da yawa tsoho ne, wani tun zamanin korona da aka rarraba Misa, wani kuma an ɗora shi kafin a canja Fada. Lambar ofishin farish ma ba ta cika amfani da daren Asabar ko safiyar Lahadi ba, domin ba kowa a ofis. Abin da ya fi duka shi ne tattaki ranar Asabar da yamma. Da zarar an sauke kaya an yi wanka, nakan taka har ƙofar cocin, ina duba agogo don in san minti nawa tafiyar ke ci. A can zan karanta allo, sannan in tambayi mai gadi ko katekis, domin allon ma wani lokaci ya girmi jadawalin. Tambayoyin su ne: ƙarfe nawa ake Misar farko gobe, wacce ake yi da Turanci, akwai ta yamma, gobe akwai wani biki da ya sa aka haɗe Misa biyu wuri ɗaya, kuma ta wace ƙofa masu tafiya a ƙasa ke shiga. Tambayar biki tana da muhimmanci. Daga wajen Oktoba zuwa farkon Disamba farish-farish na yin bikin godiyar kaka da gwanjon kaya, kuma a ranar sukan soke wasu Misa, a yi babba guda ɗaya wadda za ta kai rana tsaka. Haka ranar da bishop ya zo ba da sakramen na ƙarfafawa. Baƙon da ya dogara da jadawalin kullum zai iso ya tarar an yi nisa, ko ba a fara ba sai bayan awa biyu.

Zuwan Asabar yana da wata riba. Da yammacin ranar ne yawancin farish ke sauraron masu furta zunubi, kuma wanda ya fito daga doguwar tafiya zai so ya shirya kafin ya karɓi Jibi. Fadan ba zai ji Hausa ba sai an yi dace, amma gajeren Turanci ko Burokin ya isa, sun saba da baƙi. Sannan dokar Ikilisiya ta ce Misar da aka yi da yammacin Asabar tana sauke farillar Lahadi. Wannan sauƙi ne babba ga wanda motarsa za ta tashi Lahadi da asuba. Sai dai ba kowace farish ke yin ta ba, kuma Misar ɗaurin aure da aka yi da hantsi ko tsakar ranar Asabar ba ta shiga wannan lissafi.

Tsarin Lahadi a manyan farish na Legas kusan iri ɗaya ne. Ta farko tsakanin shida da shida da rabi na safe, sai wasu su biyo baya a jere har wajen sha biyu, sannan ta yamma wajen ƙarfe shida, wadda matasa da 'yan kasuwa suka fi cikawa. Ni ta farko nake zaɓa, ita nake kuma ba kowane matafiyi shawara. Ita ce mafi gajarta, awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, domin jama'ar Misa ta biyu na tsaye a waje suna jiran a fito. Ta ƙarfe tara ko goma ita ce ta iyalai da masu godiya: mai sabon jariri, mai sabuwar mota, ƙungiyar da ke bikin shekara, kowa zai taho da rawa har gaban bagadi, ga dogayen sanarwa. Awa biyu da rabi ba abin mamaki ba ne. Tana da daɗi ƙwarai ga wanda ba shi da lodi, amma mai jiran dillali a kasuwa ya san da wannan. Dole kuma a tambayi harshe, domin a farish da yawa akwai Misa ɗaya ta Yarbanci ko ta Ibo, a wasu har da ta Faransanci saboda mutanen Kwatano da Togo.

Safiyar Lahadi ita ce lokacin da titunan Legas ke numfasawa. Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda kan ci wa mutum awa guda ko fiye ranar Litinin, a minti goma sha biyar za a haye ta. Matsalar ita ce motocin haya ma sun yi ƙaranci, danfo zai tsaya a tasha sai ya cika, kuma wannan jiran ne ke cinye lokacin da hanya ta ba ka. Saboda haka nake ƙara rabin awa a kan duk abin da taswira ta ce. Bas ɗin BRT, babbar bas mai layinta na daban a titi, da kati ake shigarsa, katin Cowry, don haka a saye shi a zuba kuɗi tun ranar Asabar. Acaba kuwa kada a sa shi a lissafi: tun Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Mainland da tsibirin Legas, daga baya aka ƙara wasu wurare, kuma dokar ta shafi fasinja ba mai tuƙi kaɗai ba. Jiragen ƙasa na cikin gari, shuɗin layi daga Marina zuwa Mile 2 da jan layi daga Agbado ta Agege zuwa Oyingbo, suna da amfani a ranakun aiki, amma a tambayi jadawalin Lahadi kafin a dogara da su. A watannin Yuni da Yuli ruwan safe kan cika layuka har ƙauri, don haka a riƙe takalmin roba da leda, a sa na kirki in an isa. Duk wannan ne ya sa nake ganin cocin da ƙafa za ta kai ka ta fi wadda ta yi suna.

Ga waɗanda na sani kusa da wuraren da mutanenmu ke sauka. Mai kwana a Mile 12 ko Ketu yana da St. Michael a Alapere da Sacred Heart a Ojota, in kuma ya hau BRT ta titin Ikorodu, bayan Ojota sai Maryland, inda St. Agnes take dab da mahaɗar. Ba ta da wuyar ganewa, kowane kwandasta ya san ta. Na Agege yana da St. Sabina a Idi-Mangoro, ko ya ƙarasa Ikeja zuwa St. Leo a titin Toyin, wadda ita ce kuma ta dace da wanda ya sauka a otal kusa da filin jirgin sama na Murtala Muhammad. Na Idi-Araba yana da Regina Mundi a Mushin da St. Anthony a Gbaja cikin Surulere, mai jinya a asibitin koyarwa na LUTH kuma ya tambayi ma'aikata, akwai ɗakin ibadar Katolika a cikin harabar. Direbobi da 'yan lodi na Apapa suna da Sacred Heart a Apapa da St. Mary a Ajegunle. Wajen Alaba Rago da Ojo kuwa ba a wahala ko kaɗan, domin 'yan kasuwar Alaba sun cika yankin da farish, ga Holy Family a Festac. Wanda ya sauka a Iddo ko Oyingbo ko titin Kano na Ebute Metta yana da St. Paul ta Katolika a Ebute Metta, amma ni Yaba nake nufa.

St. Dominic, a titin Herbert Macaulay ba nisa da Sabo, ita nake kwatanta wa duk wanda ya ce bai san kowa a gari ba. Fadannin ƙungiyar Dominikan ke riƙe da ita, masu farar doguwar riga, waɗanda suka zo Najeriya a 1951, kuma su ne suka yi aikin bishara a yankin Sakkwato da Gusau da Malumfashi. Da yake gidansu na nan a harabar, Fada ba ya yankewa, Misa tana da yawa, layin furta zunubi yana tafiya, ga wurin addu'a ga Waliyyi Jude da kantin littattafai da Rosari. Kusan kowace motar da ta ratsa Yaba za ta ajiye ka kusa.

Holy Cross kuwa ko ba don Lahadi ba ta cancanci a je. Daga Obalende tafiyar ƙafa ce, ka bi ta dandalin Tafawa Balewa, ka wuce King's College, sai ga hasumiyarta. Tarihin Katolika a Legas daga wannan unguwa ya taso. 'Yantattun bayi da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19, waɗanda ake kira Aguda, sun zo da addinin tare da sana'ar gini da kafinta, kuma suna taruwa suna addu'a tun ba su da Fada. A farkon shekarun 1860 Fada Francesco Borghero, ɗan Italiya na ƙungiyar SMA, wato Fadanni masu aikin bishara a Afirka, ya zo daga Ouidah ta ƙasar Dahomey ya yi musu Misa. Maginansu ne suka ɗaga coci ta farko a wurin, aka buɗe ta a 1881. Ginin da ake gani yanzu an aza harsashinsa a 1934, aka gama a 1939, Legas kuma ta zama babbar dayosis a 1950, shekara tara kafin Kaduna. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne wannan ƙungiya ta SMA ita ce ta buɗe mishan a Shendam a 1907, daga can aikin ya bazu zuwa Jos da Kaduna da Kano da ƙauyukanmu. Ɗan Arewa da ya durƙusa a Holy Cross, a gidan kakannin cocinsa ya durƙusa. In an fito, a ɗan zaga ta dandalin Campos a ga ragowar gidajen Aguda masu ado a tagogi. A nan tsibirin da Ikoyi da Victoria Island, wajen Church of the Assumption ta Falomo da makamantanta, akan sami Misar tsakar rana a ranakun aiki saboda ma'aikatan ofis, abin da ya dace da wanda ya zo neman biza ko wata takarda.

A bakin ƙofa za a duba ka. Tun harin cocin Madalla na Kirsimetin 2011, da kuma na cocin Owo a watan Yunin 2022, farish da yawa suna sa na'ura a jikin mai shiga, suna buɗe jaka, wasu ba sa barin babbar jaka ta wuce ko kaɗan. Matafiyin da ya taho da Ghana-must-go yana nufin wucewa tasha daga coci zai sha tambaya, kuma babu tabbacin samun wurin ajiya. A bar kaya a masauki. Gaskiya kuma ita ce, mai kaftani da hula kan sha kallo fiye da sauran a wasu ƙofofin. Ban ɗauki wannan da zafi ba, masu gadin aikinsu suke yi, kuma su ma sun ga abin da muka gani. Ka gaishe su, ka buɗe jaka tun ba a ce ba, ka cire hula a bakin majami'a, ka taɓa ruwan albarka ka yi alamar gicciye. Nan take fuska ke sakewa. Mata su riƙe ɗankwali ko mayafi, domin a yawancin farish masu kula da tsari ba sa barin mace ta shiga kai buɗe ko da riga marar hannu. Wanda ya makara kuma zai tarar an ja igiya a ƙofa lokacin karatu da wa'azi da lokacin keɓe gurasa da ruwan inabi, sai an kai gaɓa a buɗe. In ciki ya cika, akwai rumfuna a waje da lasifika, Misa ɗaya ce, za a kawo Jibi har can.

Harshe bai kamata ya hana kowa ba. Tsarin Misa ɗaya ne a duk duniya, karatun da za a yi a Yaba shi ake yi a Zonkwa da Pankshin da Yola a ranar. Zagayen shekara uku ne, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka. Mai Littafi Mai Tsarki na Hausa ya nemi ayoyin ranar a takardar sanarwa da ake rabawa a ƙofa, ya bi da nasa. Ko Yarbanci ake yi, ka san inda za a tashi, inda za a zauna, inda za a durƙusa, kuma ba wanda zai hana ka amsawa da Hausa a hankali, ko ka yi "Ubanmu wanda ke cikin sama" lokacin da suke yin nasu. Sau da yawa ma ana rera Gloria da Credo da Pater Noster da Latin, da irin muryar da muka koya a gida. Bayan Jibi akan karanta addu'ar nan ta Najeriya cikin ƙunci da bishop-bishop suka tsara a 1995. Abin da zai zame maka sabo shi ne kiɗan: gangar Yarbawa mai magana, da waƙoƙin Ibo na lokacin baiko waɗanda kowa ke amsawa ko ba yarensa ba ne.

Baiko yakan zama biyu, wani lokaci uku. Ba a cika zagayawa da kwando ba, layi-layi ake tashi a je gaban akwati, masu kula da tsari na nuna bencin da zai fita. A tanadi ƙananan takardun kuɗi tun daren Asabar, a raba su aljihu biyu, na mota daban na baiko daban, domin kwandastan Legas ba ya son ba da canji da sassafe. Waya da jakar kuɗi kuma kada a bar su a benci lokacin tashi baiko ko karɓar Jibi, taron ya yi yawa, ba kowa ne ya zo ibada ba.

Azumin kafin Jibi awa ɗaya ne, ban da ruwa da magani, kuma daga lokacin karɓa ake lissafi, ba daga fara Misa ba. Ranar Lahadi Jibi yakan zo bayan kusan awa guda da farawa, don haka wanda ya gama shayi da burodi wurin mai shayi minti ashirin kafin a fara ya tsira. Misar ranakun aiki gajera ce, cikin rabin awa an kai ga Jibi, sai a ja baya sosai. Goro ma abinci ne, a tuna da wannan, domin a masaukin 'yan kasuwa ba a rasa mai miƙo maka ɓari da asuba.

Akwai wanda hanya za ta hana shi gaba ɗaya, kamar direban tirela da ke layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, wanda in ya bar mota ya rasa layi ko ya rasa batir. Ikilisiya ba ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, wanda babban dalili ya hana ba shi da laifi, sai ya karanta karatun ranar ya yi Rosari a inda yake. Amma kafin a yanke haka a tuna da Misar yamma, a kuma gwada karɓa-karɓa da yaron mota ko maƙwabcin layi. Na ga direbobi Musulmi suna tsare wa Kirista mota ya je ya dawo, shi kuma ya tsare musu ranar Juma'a. Kallon Misa a waya na marar lafiya ne da wanda ba shi da hanya, ba na mai ƙafa biyu da coci a bayan layi ba.

Wanda zai daɗe, wata ɗaya ko fiye, ya shiga ofishin farish a ranar aiki ya gabatar da kansa. Ya riƙe katin baftismarsa, domin duk maganar aure ko baftismar yaro ko tsayawa uban baftisma da shi za a fara, wani lokaci har da wasiƙar Fadan gida. A ofishin ne kuma ake sa Misa don mamaci ko don sauka lafiya. In ana so sunan ya fito a takardar Lahadi, a kai shi tun tsakiyar mako, kafin a buga.

Mai kewar ibada da Hausa kuwa, bariki zai nufa. Barikin soja na Ikeja da na Ojo da Bonny Camp, da barikokin 'yan sanda irin na Obalende, cike suke da iyalai daga Arewa, kuma sojoji suna da nasu Fadannin masu kaki. A ƙofar bariki za a nemi katin shaida, a tambayi inda za ka, ka ce cocin Katolika, domin akwai ta Furotesta daban da masallaci daban. A je da wuri saboda binciken na cin lokaci, kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar hoto. Misar kanta galibi da Turanci ce, amma a harabar Hausa za ka ji ta ko'ina, kuma ranar da aka ba Zumuntar Mata waƙar baiko za ka ga an fito da tulu da caki da kuge, an jera cikin anko. Wata Lahadi na tsaya bayan an tashi na gaida wata dattijuwa daga cikinsu, na ce, "Mama, sannu da aiki, baƙo ne daga gida." Kafin in rufe baki ta tambayi garinmu da farish ɗinmu da inda na sauka, ta kira wani saurayi ta ce ya karɓi lambata ya sa ni cikin zauren WhatsApp na 'yan Arewa. Ta irin wannan zaure ake sanar da ranar da wani Fada mai jin Hausa zai zo, da inda za a yi Misar, da ranar taron zumunta na wata. Ko a farish ɗin da ba na bariki ba, a tambayi katekis ko akwai ƙungiyar 'yan Arewa, shi ke riƙe da jerin ƙungiyoyi da ranakun taronsu.